Farin Zare Na Gida Ne

Ranar da waya ta yi tari, Inna Mai Guga tana tsaye a bakin teburinta, dutsen guga a hannun dama, farar rigar wani malamin makaranta a shimfiɗe. Ta miƙa hagu ta danna gefen wayar kamar kullum, don ta ji ko lokacin kai kaya ya yi. Muryar 'yarta ta ce, "Ƙarfe tara." Sai numfashi ya sarƙe. Sai tari, busasshe, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji, har sau uku.

Ba ta san ta bar dutsen a kan rigar ba sai da ƙauri ya daki hancinta. Shekara arba'in da ɗaya tana wanki da guga, ko hankici ba ta taɓa ƙonawa ba. Ta ɗaga dutsen, ga shatinsa nan ya zauna daram a bayan rigar. Ko kallo na biyu ba ta yi masa ba. Ta san tarin nan. Wata bakwai ta yi tana kwana da shi ɗaki ɗaya, tana riƙe masa kwano, tana goge masa baki, har ranar da ya ɗauke mata yarinya.

Kanari ake ce wa yarinyar, don tun tana rarrafe bakinta bai taɓa hutawa ba. Ita kaɗai ta rayu cikin huɗun da Inna ta haifa, ita kaɗai kuma ta yi boko a zuriyar. Ta girma ta samu aikin kwamfuta a wani ofis. In ta taso daga can sai ta kama wani aikin da ba a biyanta ko sisi, ita da wasu mutane warwatse a duniya, masu haɗa manhajar waya su sake ta kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Inna ta sha yi mata faɗa: "Aikin da ba lada ba la'ada, uban wa ya aike ki?" Kanari takan yi dariya ta ce ladan yana nan, la'adar ce babu.

Uwar ce kuwa ta jawo. Inna ba ta san ko bihim ba. In waya ta yi ƙara sai ta miƙa wa na kusa ya duba mata mai kira, in ba kowa ta ɗauka da faɗa. Sai Kanari ta shige ƙuryar ɗaki, ta lulluɓa da bargo don kada ƙarar titi ta shiga, ta yi ta faɗar kalmomi ɗaya bayan ɗaya tana naɗa: awowi, lambobi, ranakun mako, "ana kira", "saƙo ya shigo", "caji ya kusa ƙarewa". Ta haɗa su ƙunshi guda ta sa a manhajar, don duk wanda bai iya karatu ba, ko idonsa ba ya gani, wayarsa ta yi masa magana da harshensa. Shekara biyu ke nan da binne ta. Masu cewa kwana a tashi ana mantawa ba su binne ɗa ba. Amma dai kullum da safe Inna takan danna gefen waya, yarinyarta ta gaya mata lokaci da muryar nan tata garau, kamar wadda ta ci ta ƙoshi, sai ta samu ƙarfin ɗaga bokiti.

Yau kuma ga tari.

Ƙarfe goma ta sake dannawa, muryar ta fito a shaƙe kamar daga ƙarƙashin ruwa. Sha ɗaya lafiya lau. Sha biyu, tari. Ƙarfe biyu ne ya ƙarasa ta. Kanari ta fara, "Ƙarfe bi..." sai wata murya ta tsoma baki daga nesa, mai kaushi, muryar tsohuwa: "Ke! Ki bar surutun banzan nan ki zo ki kama mini zanin gado!" Nan ta yanke.

Inna ta zauna a kan kifaffen bokiti. Muryarta ce. Ta ma tuna ranar. Ciwon ya riga ya kama yarinyar, ita kuwa ba ta yarda na gaske ba ne, tana ta cewa zaman cikin bargo ne ya jawo mata mura.

Wasu baƙin ciki yakan kwantar da su, wasu yakan miƙar da su. Inna tun tana budurwa ba ta iya kuka a zaune ba. Ta kashe gawayi, ta ɗaure kayan da za ta kai, ta aza a ka, ta nufi bakin titi wurin mai gyaran waya, wanda jiya ta kai wa ya canza mata bakin caji.

"Kai, ɓarawon zaune, me ka yi wa 'yata?"

Mai gyara dattijo ne mai furfura a gemu, da gilashin ƙara gani maƙale a ido ɗaya. Ya ɗago. "Haba Iya, ina wuni tukuna."

"Ban wuni ba. Danna nan."

Ya danna. Muryar tsohuwa ta sake kiran zanin gado a gaban mutum uku masu jiran gyara, sannan Kanari ta ƙarasa a natse, "da minti ashirin." Ɗaya daga cikinsu ya fara dariya, ya dubi fuskar Inna, ya haɗiye abarsa.

"Gani na yi manhajar ta tsufa, na sabunta miki," in ji mai gyara. "Alheri na yi niyya, wallahi."

"Na ce ka sabunta? Bakin caji na kawo. In ka ba ni wando in wanke, sai in yanke masa ƙafa in ce alheri ne?"

Ya yi ta latse-latse yana sosa gemu. Can ya ce, "Ba daga hannuna ba ne, Iya. Haka sabon ƙunshin muryar ya fito, mako uku ke nan. Duk wanda ya sabunta, abin da yake ji ke nan."

"Duk wa?"

"Duk mai wannan muryar a wayarsa. Dubbai ne."

Ta dafa teburinsa. Kanari, wadda ko shara ba ta fita zubarwa sai da gogaggiyar riga. Kanari, wadda a asibiti in tari ya taso sai ta juya bango don kada na gadon kusa su ji. Ita ce yanzu take tari a aljihun dubban mutane, a cikin mota, a kasuwa, a gaban kowane gardi.

"Wane kamfani ne? Ina ofishinsu?"

"Ba kamfani, ba ofis, ba manaja. Mutane ne kawai, kowa yana yi don Allah."

"To wa zan zaga?"

Mai gyara ya danne murmushi ya ce kowane ƙunshi yana da mai kula da shi, kuma ana rubuta sunansa a ciki. Ya nemo ya karanta mata. Ta gane shi. Dogo ne, abokin aikin nan nasu na kyauta, wanda ya zo gaisuwar rasuwa ya tsaya a bakin ƙofa kansa na taɓa rufi, ya kasa shiga, ya kasa magana. A wata maɗaba'a yake aiki, bayan babbar tashar mota.

Mota biyu ta shiga kafin ta isa, ƙunshin kayan mutane a cinya, ta ma manta ba ta kai su ba. Maɗaba'ar doguwar rumfa ce mai warin tawada da man inji, takardu jibge har sama, injin buga littafi yana ta haki kamar mai asma. A ɗan ɗakin baya ta same shi, ya dunƙule a gaban kwamfuta yana jera shafuka, gwiwoyinsa na dukan ƙasan tebur. Magidanci ne, ya ba arba'in baya, furfura ta fara leƙo masa. Yana ganinta ya miƙe.

"Inna! Ke ce da kanki? Sannu da zuwa, ga kujera..."

"Zauna. In ka tsaya wuyana zai yi ciwo."

Ya zauna. Ta ajiye wayar a kan takardunsa ta danna. "Ƙarfe huɗu," in ji Kanari, da muryar da ba ta fi zare kauri ba, sai tari ya biyo. Dogo ya rufe ido.

"Ka ji aikinka?"

"Inna, ban sani ba. Babu wanda ya rubuto mana."

"Wa zai rubuto? Masu amfani da abin ba su iya rubutu ba, shi ya sa aka yi shi tun farko, kai mai dogon wuya ba tunani. Gaya mini yadda aka yi. Kuma ka gaya mini da bakin mutane, ba da bakin kwamfuta ba."

Ya yi ƙoƙari. Ya ce kowace kalma da Kanari ta naɗa a ajiye take daban, da sunanta, kamar yadda kowace riga take daban a ƙunshi. Fayil ake ce musu. Yanzu ana so muryar ta hau na'urori iri-iri, har ƙananan wayoyi masu araha da allunan da ke kiran lamba a asibiti. Masu kula da babbar ma'ajiyar manhajar suka kafa doka: kowane fayil sunansa ya zama gajere, iri ɗaya da na sauran harsuna, alamar harshe da lamba, shi ke nan. Sunayen da Kanari ta sa kuwa dogaye ne, kowanne da wata wutsiya a bayansa, wasu na'urorin ba sa iya haɗiye su.

"Sai na yanke wutsiyoyin," in ji shi. "Da na yanke, sai na ga kalma ɗaya tana da fayil uku, wata huɗu, duk sun zama suna ɗaya. Dole a zaɓi guda. Ita tana da wani jeri da ta rubuta da hannunta, mai nuna wanda za a ɗauka, amma sabon tsarin ba ya bin jeri, suna kawai yake bi. Sai na ajiye jerin ban duba ba, na ce a ɗauki na ƙarshen naɗawa. A aikinmu, na ƙarshe shi ne gyararre."

"A aikinku. Ka saurara?"

"Na gwada da na'ura. Ta ce duk suna nan, ba wanda ya ɓace."

"Cewa na yi ka saurara, da kunnuwan nan naka masu kama da murfin tukunya?"

Injin waje ya ci gaba da hakinsa.

"Ban iya ba, Inna. Tun da ta rasu ban buɗe ko ɗaya ba. Shekara shida muna aikin nan tare. In na ji muryar sai in kasa komai."

Tun daga motar farko ta tanadi zagi kala-kala, ta jera su kamar kayan shanya. Sai ta ajiye su gefe. Amma ba a san ta da sakin gaskiyarta don tausayi ba.

"Kai ka kasa ji, sai ka aika wa duniya ta ji. Garin gyaran gira ka tsone ido. Wutsiyar me ce ma ka yanke?"

"Wasu kalmomi ne marasa ma'ana. Na tambayi kowa a cikinmu, ba wanda ya san su. Suna nan dai, mu ba ma zubar da komai, duk abin da aka canza tsohonsa yana ajiye." Ya buɗe wani shafi ya fara karanta mata. "Ƙarfe tara, ja. Ƙarfe tara, baƙi. Ƙarfe tara, baƙi, ƙulli biyu. Ƙarfe biyu, ja. Ƙarfe biyu, fari..."

"Sake."

Ya sake.

Inna ta matso. Ta ɗora ƙunshin kayanta a kan shafukan da yake jerawa, ta kwance, ta zaro wata riga, ta juya wuyanta ta tura masa har hanci. A cikin wuyan akwai ɗan jan zare, tsawon gaɓar yatsa.

"Me ka gani?"

"Zare."

"Wane iri?"

"Ja."

"Ashe dai idon yana aiki. Ni ban iya rubutu ba, kayan gida ashirin kuma suke ratsa hannuna a mako. Ja, an gama, ya tafi ga mai shi, sai a bakin ƙofarsa nake zare shi. Baƙi, tabo bai fita ba, ya koma ruwa, ba ya zuwa hannun kowa. Duk komawar da ya yi in ƙara masa ƙulli. Fari kuwa na gida ne, ba ya ƙetare ƙofa." Ta ɗora yatsa a kan zaren. "Tun tana shekara shida take zura mini zare a allura. Da ta sayi sabon abin naɗar murya ta ce za ta sake su duka su fi kyau, ciwo ya riga ya shige ta. Ta naɗa, ta saurara, ta ji ba su wanku ba, ta sa musu baƙi. Yarinyata ta ware kayanta tsaf kafin ta tafi. Kai ka zo ka tsinke zaren, ka kwashi na cikin ruwa ka kai wa mutane."

Dogo ya dubi rigar, ya dubi allon kwamfuta, ya sake duban rigar. Sai ya kifa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa suka fara girgiza. Namiji har namiji, da 'ya'ya a gida. Inna ta bar shi ya ɗan yi, sannan ta ciro hankicinta ta jefa masa.

"Share. Majina ba ta gyara komai. Ba kuka na zo karɓa ba, hakki na zo karɓa."

"Faɗi, Inna."

Ta faɗa, ba ta rage ba. Jajayen su koma. Baƙaƙen su fita daga aljihun mutane. Fararen a ba ta abinta. Ya ce duk mai yiwuwa ne: zai ɗauko jajayen ya sa musu sababbin sunayen da doka ta ce.

"Sunayen da ita ta sa fa?"

"Doka ba ta yarda da su ba."

"Ita ta haifa, ita ta raɗa, wani can da bai san zafin naƙudar ba ya ce bai yarda ba?"

"Dokar ma da gaskiyarta, Inna. In kowa ya sa sunan da ya ga dama, wayar talaka ba za ta iya karantawa ba, muryar ta tsaya a wayoyin masu hali. Ita ma da tana nan da ta yarda." Ya gyara zama. "Amma ga abin da zan yi. Zan sa takarda a cikin ƙunshin, kowane sabon suna ga tsohonsa a gefe, ga ma'anar ja da baƙi da fari, don na bayana kada ya maimaita. Tsofaffin wayoyin da suka saba kira da tsohon suna kuwa, zan bar musu alama mai nuna sabon, kamar maƙwabcin da ke ce wa baƙo, ai sun tashi, sun koma can."

Ta auna maganar ta ga ba ta da tabo. "To. Kuma ka rubuta laifinka inda za a gani."

"Akwai inda muke rubuta duk abin da aka canza da dalilinsa."

"Rubuta: Dogo ya yanke abin da bai sani ba, bai tambayi uwarta ba."

Ya rubuta haka ɗin, harafi bai canza ba, ya karanta mata. Sannan ya ce sai wani ya duba aikin ya sa hannu kafin a saki, zai ɗauki kwana biyar ko shida.

"Da za ka ɓata kai kaɗai ka isa, gyara ne sai an tara jama'a?"

"Wancan ma mutum biyu suka duba. Ba sa jin harshenmu ne."

"Kurame uku ke nan. To wannan karon ni zan duba. Kunna."

"Ɗari uku da sha biyu ne, Inna."

"Na taɓa goge zanin gado ɗari a wuni ɗaya. Kunna, kuma kai ma ka buɗe kunnenka."

Yammaci biyu suka yi a ɗan ɗakin nan. Ya roƙi mai injin ya rage aiki, ya kawo mata shayi ta ce ruwa ne aka nuna wa ganye. Suka bi jajayen ɗaya bayan ɗaya. Litinin. Talata. Ashirin da bakwai. Ana kira. Kowanne ya fito, Inna takan gyaɗa kai ta ce, "Ya wanku," Dogo ya sa alama. Da farko yana jin kowace kalma kamar ana zare masa ƙaya. Zuwa na ɗari ya fara ba ta labari, yadda Kanari ta taɓa hana su sakin aiki mako guda saboda "Laraba" ta fito kamar mai fushi. Inna ta ce ai gadon gida ne, ita ma ta taɓa mayar da riga ruwa sau biyar saboda tabon da mai rigar ma bai gani ba.

Da suka gama ya ce bari ya gyara mata tata wayar nan take, ba sai ta jira ba. Ta ɗauke wayar ta soke a ƙugu.

"Kayan mutane ake fara kaiwa. Na gida ya jira."

Ya ba ta fararen a wani ɗan kati ƙarami kamar farce, guda tara ne, ya naɗe mata a takarda. Ba ta buɗe ba. Kwana shidan nan da inuwar igiyar shanya ta riƙa sanin lokaci. Ta kai wa malamin makaranta rigarsa, shatin dutsen a sama, ba ta ɓoye shi cikin ninki ba. Wadda ta sa wani ya rubuta laifinsa ba ta ɓoye nata. Ta ce, "Ni na ƙona, hankalina ne ya tafi." Malamin ya buɗe baki, ya tuna fiye da shekara goma tana yi masa wanki, ya ce dama wuyan ya matse shi.

Rana ta bakwai Dogo ya kira ya ce an saki. Ta tafi wurin mai gyara ta dangwara masa wayar.

"Yau na ce ka sabunta. Ka kuma sa mini wannan katin."

"Da shaidu dai, Iya, kada gobe a ce ɓarawon zaune."

A kan bencin jira akwai wani makaho, mai saƙa kujerun roba a ƙarshen layin, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Shi ma tasa wayar ake sabuntawa. Da aka miƙa masa ya lalubi gefenta ya danna. "Ƙarfe sha biyu," in ji Kanari, garau, kamar ruwan randa. Makahon ya karkata kai, ya sake dannawa, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Wallahi wata guda ke nan ina sa yarinyar nan a addu'a. Kullum tari, kullum tari, na ce baiwar Allah ba ta da lafiya suna ta sa ta aiki. Ko wa ya san ta?"

Mai gyara ya dubi Inna, ya sunkuyar da kai kan aikinsa.

"Ni na san ta," in ji Inna.

"Ya jikin nata?"

"Ta warke, malam. Ba ta ƙara tari."

"Madalla. Ki gaishe ta. Ki ce mai saƙar kujeru ya gode, ita ce idona."

"Za ta ji."

Da ta koma gida rana tana tsaka, zannuwa na kaɗawa a igiya. Ta rufe ƙofa, ta zauna a kan kifaffen bokitin nan, ta bi yadda mai gyara ya nuna mata. Na ƙarfe biyun ta fara nema, don wanda ya fi ciwo shi ake fara matsewa. Ashe guntunsa kawai wayar take fitarwa a da, shi kuwa dogo ne.

"Ƙarfe bi..."

"Ke! Ki bar surutun banzan nan ki zo ki kama mini zanin gado!"

Inna ta runtse ido. Sai ta ji dariya, ƙasa-ƙasa, daga cikin bargo. Kanari ta matso kusa da abin naɗar, kamar mai gulma: "Kun ji ta ko? Wannan ita ce muryar ta asali, tawa kwafi ce." Ta ɗaga murya: "Ina zuwa, ranki ya daɗe!"

Ashe Kanari ba ta kashe abin naɗar ba. Aka ji motsin bargo, aka ji takun silifa. Can nesa zanin gado ya yi fat, ya sake yin fat, mutum biyu suna ja suna ninkewa.

"Ja a hankali mana, tsohuwa, za ki kayar da ma'aikaciyar gwamnati."

"Ma'aikaciyar bargo dai. Kama kusurwar da kyau."

Sai dariyar mutum biyu, ɗaya siririya, ɗaya mai kaushi. Mai kaushin ce ma ta fi daɗewa.

Shekara biyu Inna tana ɗauke da ranar nan a ƙirji, tsawar kaɗai take tunawa. Ba ta san ta yi dariya ba. Ta sake kunnawa, ta sake, har sai da ta ga inuwar igiya ta gota. A zaune ta yi kukan, karo na farko, bai kuma kashe ta ba.

Sauran takwas ɗin ba ta taɓa su ba. Ba a cinye abu mai daɗi rana ɗaya. Ta jawo gwangwanin zarenta, ta yi fama da allura har ta zuru, ta soka ɗan farin zare a bakin jakar wayar ta ƙulle. Sannan ta danna gefe.

"Ƙarfe uku," in ji Kanari.

"Na ji, sarkin surutu," in ji Inna. Ta tashi ta hura gawayi.